Muƙamuƙin Direban Caranavi

A tashar motocin zuwa garin Caranavi da ke La Paz, a ƙasar Bolibiya, wani direba mai furfura, Don Fermín, yana tauna ganyen koka mai hana gajiya a kunci ɗaya, don ɗayan ciwo yake. Da ya yi hamma sai muƙamuƙinsa ya yi ƙas a gindin kunne, jiri ya ɗebe shi, ya dafa ƙofar mota har ƙasa ta daina juyawa.

"Tsoho, ba ka sha komai ba, tangaɗin na mene ne?" in ji Casilda mai shayi.

"Haƙori ne kawai, 'yar'uwa."

Wataƙila haka yake faɗa wa matarsa ma. Fasinja talatin sun riga sun zauna, hanyar kuwa bakin kwazazzabo take bi. Idonsa a runtse yake laluben makulli.