Malam Halliru da Taswirar Tungar Marke

Haihuwa

An haifi Malam Halliru a shekarar 1952 a Tungar Marke, mahaifinsa Isiyaku masunci, mahaifiyarsa Wasila. Yana da shekara ashirin da biyu aka gina madatsar ruwa, aka tashi garin, ruwa ya shanye shi har maƙabarta.

Karatu

A 1977 ya samu tallafin karatu zuwa Romaniya, inda ya karanci labarin ƙasa a hannun ɗaliban wani masanin ƙasar da ya riga mu gidan gaskiya tun kafin zuwansa. Daga karantarwar masanin akwai cewa iska da ruwa da ƙasa da masu rai jiki ɗaya ne, kuma mai son sanin duniya ya fara daga ƙofar gidansu. Maganar ta soki Halliru, domin ƙofar gidansu tana ƙarƙashin ruwa.

Aiki da iyali

Ya koyar a Zariya shekara talatin da biyar, ya auri Aishat a 1984, ta rasu a 2018.

Zaman Dubai

A 2019 babban ɗansa Abdulmuhaimin, mai harkar kago, wato jigilar kaya, ya ɗauko shi zuwa unguwar Hor Al Anz. Da ya ga yadda aka fito da tsibirai daga teku, sai ya ƙudurta fito da garinsu a takarda kafin masu tuna shi su ƙare. Dattawa goma sha ɗaya suka rage. Yakan kira mutum a waya, mutumin ya siffanta masa gidansu, shi kuma ya zana, ya rubuta sunayen mutanen gidan a ciki.

Ɗanladi maƙeri, ɗaya daga cikin dattawan, ya rasu kwana uku bayan an zana gidansu. Aka ce ajali. Da na biyar ya rasu bayan an zana nasu gidan, sauran suka daina ɗaga waya, amma Malam, da yake ba a san shi da jin bari ba, ya ci gaba daga abin da ya tuna, saƙonnin rasuwa kuma ba su yanke ba.

Ɗansa ya ce, "Baba, khalas, ya isa haka, don Allah a naɗe takardar nan."

Ya ce, "Saura gida ɗaya, namu."

Rasuwa

Ya kammala ranar Talata, ya naɗe ta da hannunsa. Ya rasu ranar Juma'a bayan la'asar, a watan Maris na 2023, aka yi masa sutura a Dubai. Ya bar 'ya'ya uku: Abdulmuhaimin, Asama'u da Mahfuza. Har yau babu wanda ya iya buɗe taswirar ya duba ko mahaifinsu ya rubuta sunayensu a cikin gidan.