Buhun Dankali a Zauren Baba

A gidanmu na Nasarawa Gwom, duk wanda ya fara aiki albashinsa na farko ba nasa ba ne. Zai kawo wa Baba a ambulan, Baba ya cire ɗan abin da zai cire, ya raba sauran ga gwaggonni da kawunnai, kowa ya sa albarka. Yayyena biyu duk ta nan suka bi. Shi Baba a aikin gwamnati ya tsufa, kuma har bayan ritaya bai daina goge takalmi da safe ba, ko da ƙofar gida kawai zai zauna ya karanta jarida.

Da na gama jami'a na dawo daga bautar ƙasa, ya yi ta sintiri wajen tsofaffin abokan aikinsa har ya samo mini gurbi a wata ma'aikata. Ni kuwa tun ina ɗalibi nake leƙa kasuwar Farin Gada wajen dillalan dankalin turawa. Wayar salula ba ta daɗe da shigowa ba, na kuma lura mai waya zai iya sayar wa mutumin Kano lodin mota guda tun motar ba ta baro ƙauye ba. Takardar ɗaukar aikin ta kwana tara a aljihuna. Ran na goma na faɗa masa kasuwar dankali zan shiga.

Bai yi faɗa ba. Ya ninke jaridarsa ya ce, "Ashe digirin na ɗaukar buhu ne. To, Allah ya kyauta."

Na san bambancin wannan da "Allah ya yi albarka", kuma ta biyun nake so.

Da na cika wata guda a kasuwa, sai na yi wautar da har yau yayyena ke tsokanata da ita. Tunda ba ni da albashi, na zaɓi buhun dankali mafi kyau, na ɗora a tasi, na sauke a zaure na ce, "Baba, ga na farko." Ya dubi buhun, ya dubi ƙafata da ta yi buɗu-buɗu, ya shige ciki. Inna ta zo za ta ɗiba, ya ce a bar shi inda yake.

Haka buhun ya zauna. Kullum sai na raɓa shi in fita, in raɓa shi in shigo. Abin ya ci mini rai, amma ban ɗauke ba. Taurin kan na gado ne. Dankali kuwa ba ya jiran mutane su shirya. Kafin saukar ruwan farko har ya yamushe, ya fitar da tsiro ta kowane ido. A kasuwa irin wannan sai dai a sayar wa manoma.

Wata safiya na fito ban ga buhun ba. Na ɗauka an kai bola. Sai na jiyo saran fartanya a bayan gida, a ɗan filin da Inna ke shanya. Baba ne, ya naɗe ƙafar wando, yana tayar da kunya. Takalmin nan da yake gogewa duk ya yi taɓo. Na ce, "Baba, kawo in karɓa." Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Abin da ya tsiro ba a zubarwa. Tafi, za ka makara."

Wata uku bai sake ta da maganar ba, ni ma haka. Da ganyen ya bushe ya tone da kansa, ya sa Inna ta jera kwanoni, aka kai wa kowace gwaggo da kowane kawu nasa. Babbar yayarsa ta zo da kanta tana tambaya, "Wannan kuma na mene ne?"

Ya ce, "Albashin yaron nan ne, Yaya. Ya ɗan makara, kamar namu na gwamnati."

Ta yi dariya ta sa albarka. Shi bai furta ba, har ya rasu ban ji ta daga bakinsa ba. Amma kwano ɗaya ya ture gefe bai aika wa kowa ba, ya ce da Inna ta soya masa da ƙwai.