Baba Dung, Wanda Ya Hana Katafila Taɓa Martina

Shekara talatin da ɗoriya, Baba Dung ne ke fara taka harabar ƙaramar kwalejin nan ta bayan garin Upper Marlboro, nan ƙasar waje, kowace safiya. Ya buɗe ɗakin sujada, ya kunna na'urar ɗumama azuzuwa, in lokacin sanyi ne ya kwashe dusar ƙanƙara daga bakin ƙofofi. Sannan ya zaga bayan coci inda kaburbura uku suke, ya cire hula, ya durƙusa ya tuge ciyawa da hannu. Wannan na ƙarshen ba wanda ya sa shi.

Mis Edna, wata 'yar mishan da ta ƙarar da ƙuruciyarta a Filato, ita ta kafa kwalejin cikin tsohon rumbun shanya taba, don koyar da Littafi Mai Tsarki. Ta riƙa kawo 'ya'yan mutanen da ta sani daga Filato da kudancin Kaduna. Cikinsu Dung ya zo da niyyar zama fasto, darasin harshen Helenanci ya yi ta kayar da shi, ya ajiye biro ya ɗauki shebur, kuma bai taɓa jin kunyar faɗa ba.

Bayan rasuwar Mis Edna ɗalibai suka yi ta raguwa, rufi ya soma yoyo, malamai suka watse ɗaya bayan ɗaya. Bara aka rufe makarantar, aka sayar wa kamfanin gine-gine filin. Mu da muka yi karatu a can, yau nas-nas da injiniyoyi da fastoci, muka yi ta tura wa juna tsofaffin hotuna muna "Allah sarki". Ba wanda ya tambayi ina za a kai mutum ukun nan. Abin kunya ne, kuma da ni a ciki.

Ɗalibai ne da suka mutu a nan, ba a samu halin mayar da su gida ba. Ta ƙarshensu Martina ce, hatsarin mota ya ɗauke ta. Ranar da aka binne ta, mahaifiyarta ta yi magana da Dung ta waya daga ƙauye.

"Ɗana, an ce a can inji ke haƙa wa mutum kabari kamar ramin shara. Gaskiya ne?"

"Mama, nata da hannunmu muka haƙa," in ji shi. "Muddin ina numfashi, inji ba zai taɓa ta ba."

A wajenmu haƙa kabari aikin mazan dangi ne da maƙwabta, shi ne hidimar ƙarshe da ake yi wa mutum. To, kamfanin ya sami izinin kwashe su zuwa maƙabartar gunduma, ya sa ranar kawo katafila. Dung ya roƙi a ɗaga masa ƙafa, aka ɗaga. Ran Lahadi ya miƙe a coci a Largo ya nemi maza, kowa ya ce amin da ƙarfi. Washegari sai saƙonni: "Baba, ka yi haƙuri, ina da shif a wurin aiki." Mutum biyu suka zo. Ɗayan ma Musulmi ne, Misbahu, maƙwabcinsa a garin Clinton.

"Mu ma a Zariya da hannu muke yi, Baba," in ji Misbahu. "Miƙo digar."

Lokacin narkewar dusar ƙanƙara ne, ƙasa duk laka mai sanyi. Suka fito da biyu, ma'aikatan gidan jana'iza suka karɓa. Da aka kai ga na Martina, akwatin ya riga ya ruɓe. Dung ya hana kowa sauka, ya shiga da kansa, mutum mai shekara saba'in, ya tattara ta cikin farin zane. Yana ɗagowa bayansa ya ba da ƙara. Sai da ya miƙa ta sama tukuna ya faɗi cikin ramin.

Likitoci sun ce shi da tafiya sai dai a keken guragu. A asibiti 'yarsa Abby ta kasa daurewa, tana kuka tana faɗa.

"Dadi, mahaifiyar Martinan nan ta rasu tun ina ƙarama! Wa zai sani in da katafila ta yi?"

"Ai ba ta warware ni daga alkawarin ba kafin ta tafi," ya ce.

Baba Dung, kai ne ɗan halak. Kai ne ka tsaya wa marasa dangi a ƙasar da kowa ke duba agogo. Kwalejin ta yaye masu wa'azi da yawa, amma ranar da ta buƙaci 'ya'yanta, wanda ya kasa cin jarrabawarta ta gani cikin laka. Mun gode, Ubangiji ya sāka maka, ya kuma gafarta mana.

Ku da kuke karanta wannan, yana nan Clinton a gidan Abby, ku je ku gaishe shi da ransa. Ku tafi da shirin amsa, don duk wanda ya shiga sai ya tambaye shi ko ya biya ta sabon wurin da aka binne su, ko ciyawa ta fara rufe su. Har yau bai sami wanda ya ce masa ya je ba.