Ƙauyen da kwamfuta ta ce yana watsewa

Kano

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na shiga mota, da taswira ɗaya a jakata. Cibiyar da nake wa aiki tana da manyan kwamfutoci da aka haɗa wuri guda. Suna tace bayanan motsin wayoyin hannu na shekaru, ba sunan kowa, su nuna inda jama'a ke taruwa da lokacin da suke taruwa. Su ne suka fitar da taswirar, suka nuna cewa ƙauyen gwaggona Hajara, can bayan Babban Mutum, yana watsewa duk ranar kasuwa. Ranar ce kuma ma'aikaciyar jinya ke zuwa, don haka aka ba da shawarar a mayar da zamanta kasuwa. Gwaggo tana fama da hawan jini, ba ta iya hawa babur zuwa kasuwar. Shi ya sa na taso in gani da idona.

Daura da Zango

Mun iso Daura takwas da kwata. Na sha koko da ƙosai a tasha, na canja mota. A shingen da ke bayan Zango wani jami'i ya buɗe taswirar.

"Malam, rijiya za ka haƙa?"

"Mutane nake nema."

"To, Allah ya sa a dace."

Babban Mutum

Sha ɗaya da rabi na hau babur, tafiyar minti ashirin da biyar. Ranar kasuwa ce, amma na tarar da ƙauyen cike. Mata na daka, dattawa na gindin darbejiya.

"Ɗan nan, sai yau?" in ji Gwaggo.

"Tun safe nake kiran wayarki, Gwaggo."

"Tana wajen Malam Idi, da ta kowa."

Ashe babu lantarki a ƙauyen. Duk ranar kasuwa Malam Idi mai babur yakan tattara wayoyin gari a buhu, kowacce da zarenta na shaida, ya kai su caji a kasuwa, ya dawo da la'asar. Da ya iso na nuna masa taswirar. Ya daɗe yana dubawa.

"Wato injin naku ni kaɗai ya gani, ya ce gari ne?"

Gwaggo ta yi dariya har da tari. "Ka gaya masa ina nan, ban je ko'ina ba."

Komawa

Na kwana a zaure bayan tuwon dawa da miyar kuka. Washegari ƙarfe biyu na rana na isa Kano, na rubuta abin da na gani. An janye shawarar, ma'aikaciyar jinya tana nan tana zuwa ƙauyen a ranarta. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malam Idi da ya kai ni bakin titi, ya ƙi karɓar ko sisi.