Shekarar da Ban Hura Ramin Duhan Ba

A unguwarmu ta Gadarif ba sai an gaya wa kowa mijin wance ya kusa dawowa ba, hayaƙi ke faɗa. Kowace matar aure tana da ɗan rami a bayan ɗakinta. Idan kaka ta zo ƙarshe, maza na shirin baro gonakin Fashaga, sai ta zuba itacen ɗalhi a ciki ta hura, ta shafe jikinta da mai, ta lulluɓa da bargo ta zauna a kai har gumi ya wanke ta. Shi muke kira duhan. Ƙamshinsa yakan tsallake dangar kara ya shiga gidajen maƙwabta, mata su yi ta tsokanar juna. Mun kuma taso muna jin cewa magani ne: yana gyara fata, yana kashe ciwon gaɓoɓi, yana korar sanyin mara.

Ni 'yar kasuwa ce. Da tiren gyaɗa na fara a tashar lori, daga nan na koma sayen riɗi hannun ƙananan manoma ina kai wa masu matsar mai. A lokacin da nake ba da labari ina da rumfata a kasuwa, ina kuma zuwa garin Doka saro kaya. Maigidana wakili ne a wata babbar gona a Fashaga, shi ke tsaye kan leburori. Yakan tafi da saukar damina, hanya ta rufe da taɓo, ba ma ƙara ganinsa sai an gama yankan dawa. Ba azzalumi ba ne. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba, ba ya wasa da salla, abin da ya samu kuma gida yake kawowa.

Sai dai duk shekara akwai abin da yake haɗowa da shi. Ba a daɗe da dawowarsa sai fitsari ya fara yi mini zafi, ruwa mai wari ya biyo baya, marata ta ɗaure, zazzaɓi ya riƙa zuwa yana tafiya. In na faɗa wa mata sai su ce sanyi ne, in ƙara duhan. Na zauna kan ramin nan har fatata ta yi ja. Abin yakan lafa, amma ciwon mara ya samu wurin zama. 'Ya ɗaya muka haifa, bayanta na yi ɓari sau biyu, daga nan shiru. Shi kuma ina ganinsa yana haɗiyar kafso mai ja da rawaya da yake saye hannun masu talla a tasha. Ya sha kaɗan, zafi na ɗaukewa ya watsar da sauran. Ya sani, na sani, ba wanda ya taɓa buɗe baki. Haka muka ci shekaru.

Wata damina, yana can, zazzaɓi ya kayar da ni a tsakiyar kasuwa. Maƙwabciyar rumfata ce ta kai ni asibiti. Likitar da ta duba ni dattijuwa ce, ba ta iya kwana-kwana ba. Ta ce ciwon nan tsakanin namiji da mace ake ɗaukarsa, hayaƙi kuwa ba ya isa inda yake. Ta yi mini allura, ta ba ni ƙwayoyi, ta ce in shanye su tas. Sannan ta ce aikin banza take yi in ban kawo mijina ba, domin abin da ta wanke yau shi zai dawo mini da shi in kaka ta yi. Ta ƙara da cewa in har ina sa ran wata haihuwa, in sani kowane zuwan ciwon yana ƙara toshe hanya.

Na warke. Na yi shekaru ban san mutum na iya tashi daga tabarma ba tare da ya dafa ƙugu ba. Na koma ina jan buhu da kaina, ina cin abinci da marmari, ina barci har asuba. Da ban ɗanɗani lafiyar nan ba, wataƙila da na ci gaba da haƙuri kamar kowa. Amma na ɗanɗana, sauran daminar kuma na yi ta ne ina tunanin ranar da lori zai sauke shi.

Kaka ta ƙare, unguwa ta turnuƙe da hayaƙin ɗalhi, nawa ramin na kife masa tsohon faranti. Ba a jima ba aka lura. Maƙwabciyata ta leƙo ta kan danga tana dariya.

"Uwar 'yan kasuwa, ɗalhin ne ya yi tsada ko mijin ne ya yi araha? In babu, in sammiki."

Na ce mata hayaƙi ke sa ni tari bana. Ta ce tarin da bai kama ni ba shekara da shekaru, lallai bana ya zo da wayo. Surukata, wadda ɗakinta ke cikin gidan, ita ma ta lura. Ɗaurin itace kawai na tarar a ƙofar ɗakina, mai kyau, irin ja ɗin nan. Na je na yi mata godiya, na kai shi bayan murhu na ajiye.

Maigida ya dawo a rame, baƙi ƙirin da rana. Na yanka kaza, na wanke kayansa, na yi duk abin da ake yi. Bayan la'asar na tura 'yarmu wurin kakarta, na dafa masa gahawa, muka zauna a rumfar tsakar gida. Na daɗe ina juya maganar a raina, amma da lokacin ya zo gajeriya ta fito.

"Malam, na kwanta asibiti da damina. An yi mini magani, na warke. Ba na so in koma."

Ya tsura wa finjalin ido. Can ya ce, "Wa ya ce miki daga wurina ne?"

"Ban tambaye ka inda ka samo ba, ba kuma zan tambaya ba. Mu je a duba ka, a ba ka magani na gaskiya. Kafin nan ka yi mini haƙuri."

"In je in bi layi a asibitin garin nan? Rabin masu layin leburorina ne. Gobe in tsaya a kansu in ce su yi aiki?"

Na ce abin da ke gare ni ke nan. Ya ajiye finjali bai shanye ba. Kafin magariba ya ɗauki gadonsa da kansa ya kai ɗakin baƙi na bakin ƙofa.

Ban zaci abin zai yi tsawo haka ba. Yana cin abincina, muna gaisawa da safe, in ya fita ya ce ya fita. Ba faɗa, ba zagi. Da faɗa ne ma da ya fi mini sauƙi, domin faɗa yana da ƙarshe. Wannan kuwa kullum sai in tashi in tarar da shi inda na bar shi jiya. In wuni a kasuwa ina ja-in-ja da dillalai, in dawo gida in tarar da wani cinikin da ya ƙi faɗuwa. Magana ta fita waje, kamar yadda takan fita. Wasu suka ce kasuwa ta sa na raina miji. Wani kawunsa ya ba shi shawara ya sallame ni, mata ba su ƙare ba. Na ji, na kuma auna. Ina da abin da zan ci da kaina da 'yata. Amma ba rabuwa nake nema ba. Mutumin nan nake so in zauna da shi, da lafiyata.

Wata safiya surukata ta kira ni ɗakinta. Ta fara da abin da malamai ke faɗa kan matar da ta juya wa mijinta baya, ta bi da zancen mutuncin gida. Na bari ta gama, sannan na gaya mata komai, ban rage ba, har da warin da kafson. Ban taɓa yin irin wannan magana da ita ba, kaina a sunkuye na yi ta.

Ta yi ajiyar zuciya. "'Yar nan, wace mace ce ba ta sha wannan ba? Ni ma na sha. Haƙuri ake yi."

"Inna, kin fi kowa son ki ga wani jikan a gidan nan. Likita ta ce in ciwon ya ƙara dawowa, in cire rai."

Ta daɗe tana murza carbinta. Ba ta ce na yi daidai ba, ta dai ce in tashi in tafi kasuwa kada rana ta yi. Daga ranar ban ƙara jin zancen a bakinta ba, kawun nan ma ya ɗauke ƙafa.

A rumfata na gano inda na yi kuskuren ciniki. Sau da yawa manomi yakan ƙi sayar mini da riɗinsa, ba don kuɗin bai yi masa ba, sai don 'yan garinsu na tsaye suna kallo. In ka ja shi gefe, a farashin nan da ya ƙi zai sallama. Na tuna maganar maigidana. Bai ce lafiyarsa ƙalau ba, bai ce ba ya son magani ba. Layi ya ce ba zai bi ba.

A Doka akwai wani ɗan ɗakin shan magani a bayan kasuwa, na sha wucewa ta gabansa. Mai kula da wurin, wanda ake ce wa hakim, baƙo ne a garin, bai san kowa namu ba. Na jira ranar da maigida ke zaune wurin mahaifiyarsa suna shan shayi, na shiga na ce na sayi riɗi da yawa a Doka, masu lodi suna raina mace, ina neman namiji ya tsaya a kansu. Shekara nawa ina lodina ni kaɗai, duk mun san haka. Ya buɗe baki zai yi magana, tsohuwa ta riga shi.

"Raka ta mana. Kana zaune ba aikin fari ba na baƙi."

Da sassafe muka hau lori. Ƙasar nan baƙa ta bushe ta tsattsage, ba abin da ake gani sai kututturan dawa har iyakar ido. Da muka isa ya tsaya kan lodin da gaske, har ya kama wani buhu da aka cakuɗa da ƙasa. Da aka ɗaure kaya na ce akwai sauran lokaci kafin direba ya tashi, na kama hanyar bayan kasuwa. Ban waiwaya ba. Na ji takunsa a bayana.

Na zauna a benci a waje, ya shiga. Bayan wani lokaci hakim ya ce in shigo, domin yana so mu ji tare. Ya ce ya yi masa allura, ga ƙwayoyi, a shanye su ko da zafi ya ɗauke tun gobe, kafson tasha kuma kwantar da ciwon kawai yake yi. Kada mu kusanci juna sai magani ya ƙare. Daga nan ya jawo aljihun tebur ya fito da kororon roba ya ajiye a gaban maigida, ya ce wanda ya fi shi ne mutum ya kama kansa, in kuwa ya san ba zai iya ba, to kada ya kwaso wa matarsa. Fuskar maigidana kamar an aiko masa da mutuwa. Bai taɓa abin ba. Ni na miƙa hannu na ɗauka na ƙulle a bakin mayafina.

A hanyar komawa ya hau can saman buhuna, ni ina gaba kusa da direba. Da aka tsaya shan ruwa ya sauko ya sayo shayi ya miƙo mini ta taga, bai dube ni ba. Ƙwayoyin kuwa a tsakar gida yake haɗiyarsu, daidai lokacin da nake shara, don in gani ba sai na tambaya ba. Da suka ƙare ya maido gadonsa.

Na so a ce a nan maganar ta ƙare, amma damina ba ta fasa zuwa ba, Fashaga ma tana nan. Da zai koma na sa masa robar nan a jaka, tsakanin ganyen shayi da sukari. Ban taɓa bincika jakar in ya dawo ba. Duk kaka sai mun je Doka. Wata shekara hakim ya ce lafiya lau, wata shekara ya jawo allura, in zauna a bencin nan ina jin kamar an ɗora mini buhu a ka. Da aka fara zancen ƙanjamau a tasha da kasuwa, muka ƙara da gwajin jini a babban asibiti, mu biyu muna miƙa hannu. A lokacin ya daina damuwa da wanda zai gan shi a layi, ko kuma ya gaji da damuwar.

Haihuwa ba ta ƙara zuwa ba. Likita ta ce ɓarnar ta riga ta auku tun shekarun baya. Surukata ta rasu da jikarta ɗaya tilo, ba ta kuma taɓa yi mini gori ba. Ciwon mara bai dawo ba, da ƙafafuna nake zuwa kasuwa har yau. Shi kuwa har ya bar aikin gona bai taɓa ce mini na kyauta ba, ni ma ban nema ba. Amma a shekarunsa na ƙarshe a Fashaga, in ya sauka daga lori, kafin ya kwance jakarsa yakan tambaye ni yaushe zan je Doka saro riɗi.