Allon da Na Rubuta a Jikin Tanki

Sana'ata rubutun allo ce: sunan shago, lambar gida, addu'a a bayan keke napep. Karatuna bai wuce firamare ba, amma hannuna yana da kyau. Abin da zan faɗa laifina ne, kuma ina roƙon mutanen layinmu a Runjin Sambo su yafe mini.

Shekarar da aka kafa mana tanki da famfo huɗu, aka kuma gyara kwatar da ke bi ta bayan masallaci, injiniyan aikin ya kira ni ya miƙa mini takarda. Doguwar magana ce. Ta ce an yi aikin da bashin da hukuma ta karɓo, kuma bashi ne marar ruwa, abin da aka ranta shi za a mayar, babu ƙari. Ya ce lallai wannan ta fito sarai, don jama'a su yi alwala hankali kwance.

Allon ƙarami ne, fentina kuma saura kaɗan a gindin gwangwani, ni kuwa ina ƙyashin sayen sabo. Sai na taƙaita. Na rubuta da manyan baƙaƙe: BASHI NE, BA RUWA.

Washegari mutane suka zo da jarkoki, suka karanta, suka juya. Wani mai hatsi ya murɗa famfo ɗaya, iska ta fito.

"Wanga aiki da gaskiya yaz zo," in ji shi. "Sauran da munka gani, sai mun yi layi kwana ukku kahin mu gane."

Har addu'a aka yi wa wanda ya sa a rubuta.

Ni kaɗai na gano ruwan yana zuwa. Da tsakar rana ake sako shi, daidai lokacin da zafin Sakkwato ke kora ko akuya ƙarƙashin mota. Na je wanke burushina ne, na murɗa, sai ga ruwa garai-garai. A nan ya kamata in yi ihu. Ban yi ba. Na tuna layi da faɗan jarka, na yi shiru. Wata huɗu ina cika randunanmu ni kaɗai, maƙwabta suna sayen na 'yan ga-ruwa. Matata ta tambaye ni inda nake samowa, na ce wani abokina ne a Kalambaina.

Sai injiniya ya dawo ya duba mita.

"Maigida, layin ga duka gida guda ka sha?" ya tambaye ni. Ya ce wata unguwa na roƙon tanki. In Juma'a ta zo mita ba ta motsa ba, za a kwance a kai musu.

Nan da nan na sayi fenti, na hau tsani, na shafe BA, na rubuta AKWAI. Allo ya koma BASHI NE, AKWAI RUWA. Na sauko ina jin na tuba.

Bayan la'asar liman ya tsaya gaban allon, ya karanta sau biyu.

"Subhanallahi! Ashe da ruwa anka ci bashin? Jama'a, a dakata da alwala nan sai mun bincika."

"Allah gafarta Malam, ba wancan ruwa ba, wanga ruwa," na ce, ina nuna famfo.

"To murɗa mu gani."

Na murɗa. Iska.

"Da azahar yake zuwa, Malam."

"Kai ɗan nan, wa ag gaya maka?"

Nan na faɗi komai, har da ƙaryar Kalambaina. Sai wata tsohuwa mai ƙosai ta matso, ta shinshina bakin famfon, ta ce ita dama tun da aka karanta mata allon take jin bashi-bashi, ƙila bututun kwata aka haɗa. Mutum biyu suka shinshina, su ma suka ji.

Kwana uku ina tsaye a rana ina buga bokiti ina kiran mutane su fito su gani. Wasu suka leƙo ta taga, suka ce rana ta taɓa ni. Matata ce kawai ta zo, ita ma don ta faɗa mini abin da ke ranta.

Ranar Asabar mota ta ɗauke tankin. Suka bar allon a jikin ƙarfen da tankin yake kai, suka ce ba ya cikin kayansu. Na sake hawa tsani na mayar da BA, don kada wani baƙo ya sha wahalar ɗauko jarka. Yanzu mai ga-ruwa sai ya gama da kowa a layin kafin ya tsaya ƙofata, wani lokaci ma ya wuce.