Mita Biyun da Abokina Ya Ce in Ƙara

Shekarun baya, tun shagona na yadi a nan unguwar Brik bai wuce faɗin tabarma biyu ba, na taɓa yanka wa abokina likkafaninsa da hannuna, har ina barkwanci a kai. Ban taɓa ba da labarin nan a fili ba sai yau, kuma sai da na nemi izininsa. Ya ce in faɗa, amma da sharaɗin kada in rage ko kaɗan daga wautar da na tafka. To, ga ta nan.

Abokin nawa tela ne, layi ɗaya muka taso. Yana cikin telolin da ake kawo wa ɗinki tun daga unguwannin Messa da Nkomkana, ga shi da baki, in yana shago ba ka bukatar rediyo. Ana nan sai tundurmi ya kama shi a ƙafar dama. Da farko kumburi ne mai zuwa ya tafi, daga baya ya zo ya zauna. Ƙafar ta yi ta girma har ta koma kamar turmi, fatar ta yi kauri ta tsattsage, takalmi ya daina shiga. Lokaci-lokaci zazzaɓi ya kayar da shi, ƙafar ta ɗau zafi tana tsatsar ruwa mai wari. Mutanen unguwa kowa da fassararsa. Wasu su ce sammu ya taka, wasu su ce wani aka binne wa shi kuma ya tsallaka. An sha rubutu, an yi hayaƙi, ƙafa tana nan yadda take.

Keken ɗinkinsa na takawa ne, sai taka shi ya gagara. Ya rage zuwa shago, ya daina zama majalisa, daga baya ko masallaci sai ya bari an watse. A ƙarshe dai ya koma ɗaki. In ka je dubiya sai ka tarar ya zuba wa bango ido, magana ɗaya biyu ya yi shiru. Mu kuma me muke cewa? "Kai, bawan Allahn nan akwai haƙuri, ko ƙorafi ba ya yi!" Ni ne ma kan gaba wajen yabon. Har misali nake ba matata da shi idan ta dame ni da zancen ciwon kai.

Wata Laraba da hantsi ina kakkaɓe shadda, sai ga shi a ƙofar shagona. Ya yi aski, ya sa wankakkiyar riga da wani buhun wando da ya ɗinka don rufe ƙafar, yana murmushi. Rabon da in ga haƙoransa har na manta. Daɗi ya kama ni, na jawo masa kujera.

"Mutumina, yau ta ina rana ta fito?"

"Ta inda ta saba," in ji shi. "Alawayyo za ka yanko mini, na likkafani."

"Inna lillahi! Wa ya rasu? Ban ji sanarwa ba."

"Ba wanda ya rasu. Ajiya ce, wani ke so."

Ban kawo komai a raina ba. Dattawanmu sun saba sayen nasu tun suna da ƙarfi, su ninke su jefa ƙasan akwati, kuma sau da yawa tela suke aikowa. Na auna daidai abin da likkafanin namiji ke ci, na ɗauki almakashi, sai ya ce, "Ƙara mita biyu."

"Na mene ne?"

"Mai shi yana da jiki."

Na tuntsire da dariya. Na ce lallai wannan Alhajin ya ci rabonsa ya haɗa da na maƙwabta, Allah ya ji ƙan waɗanda za su ɗauki makara. Shi ma ya yi ta dariya har da hawaye, ni kuwa ina ta jin kaina gwanin ban dariya. Da zai tafi ya riƙe hannuna, ya daɗe bai saki ba, ya ce, "Duk abin da na taɓa yi maka tun muna yara, ka yafe mini." Na ce ai ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Har na juya ina gaya wa maƙwabcin shagona cewa ka ga mutum mai tsoron Allah.

Bayan azahar sai ga wani tela na layinmu yana turo keken ɗinki a kan pus, amalanken nan na hannu. Tun daga nesa na gane keken, don akwai jan ƙyalle da abokina ya ɗaura a wuyansa. Na ce, "Gyara za a kai?" Ya ce, "Ina! Kyauta ya ba ni, har da almakashin babansa. Na ce ya bari sai ya warke, ya ce shi ya gama da su."

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Nan take kaina ya fara haɗa zancen. Almakashin nan ko ni ba ya bari in taɓa. Mutumin da ya yi wata da watanni bai fito ba, yau ya yi aski, ya sayi likkafani, ya nemi gafara, ya rabar da kayan aikinsa. Mita biyun nan kuwa, ai ba wani Alhaji mai jiki, ƙafarsa ya yi wa lissafi. Tela ne, ya auna kansa.

Ko shagon ban rufe ba. Na yanki lungu da gudu, ni da tumbina, ga ruwan da aka yi da safe ya mai da hanya jar laka. Silifas ɗina ɗaya ya maƙale, na bar shi nan. Masu hura wutar tsire suna kirana suna tambayar ko gobara ce, ban waiwaya ba. Addu'a nake so in yi amma bakina ya kasa haɗa ko ɗaya, sai "ya Allah, ya Allah" kawai.

A ƙofar gida na yi kiciɓis da mahaifiyarsa, su biyu ne kaɗai a gidan, ta yafa mayafi tana riƙe da kwando, fuskarta fal murna. Ta ce, "Ɗan nan, yau kam alhamdu lillahi. Abokinka ya ci abinci, har ya ce dambun zogale yake marmari, in je kasuwar Mokolo da kaina in zaɓo mai kyau, kada in yi sauri." Jin "kada in yi sauri" ɗin nan sai na gane so yake gidan ya zama ba kowa. Na ce, "Inna, don Allah ki fasa, ki ɗan zauna a tsakar gida." Ta dubi ƙafata guda ba takalmi, ta ajiye kwandon.

Ƙofar ɗakinsa a kulle. Na buga, shiru. Na kira shi, shiru. Na sake bugawa da ƙarfi har hannuna ya yi zafi. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan tsayuwa ba, kuma ba na fatan maƙiyina ya ji. Har na ja da baya zan banke ƙofar, sai na ji jan ƙafarsa a kan siminti.

Ya buɗe. An share ɗakin tas, ga alawayyon a ninke kan tabarma, da wata takarda a kai. Na shiga na zauna dirshan a bakin ƙofa. Abin da ya fara fitowa daga bakina wa'azi ne: haramun ne, ka ji tsoron Allah, ka tuna makoma. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Na fi ka sani. Tsoron nan ne ya riƙe ni har yau." Kunya ta rufe ni, sai na ji kaina ina cewa, "To, ya jikin?"

"Da sauƙi."

"Ƙarya kake! Kashe kanka za ka yi?"

Ban taɓa zaton zan iya furta wannan kalma ga ɗan Musulmi ba. Ya dube ni, ya gyaɗa kai, ya sulale ya zauna. Ya ce ranar ƙarshe da ya shiga sahun salla, na kusa da shi ya janye ƙafarsa, ya bar gurbi tsakaninsu. Ya ce mata sun daina zuwa awo, sai dai su aiko da tsohuwar riga. "Amma ba ma wannan ba ne. Kullum na farka da safe sai in ji haushin na farka. Abinci ba ɗanɗano, barci ba ya zuwa, ina jin ni kaya ne a kan tsohuwar nan. Kowa ya zo ya ce ya jiki, in ce da sauƙi, ya ce Allah ya ƙara, ya tafi. Me kuke so in ce? Haka aka koya mana amsawa."

Na kira Inna ta shigo. Kukan da ta yi ba zan sa shi a nan ba. Daga ranar ba mu ƙara barinsa shi kaɗai ba, muka raba zaman tsakaninmu. Washegari na kai shi lopital, wato asibiti. Likitar da ta gan shi ta daɗe da shi a ofis, da ta fito ta ce mini, "Ciwo biyu ne da ɗan'uwanka. Na ƙafa kowa yana gani. Ɗayan depresiyon ne, ciwon damuwa, kuma yana yawan kama masu irin lalurarsa. Ba raunin imani ba ne, yana da magani." Ta rubuta masa magani, ta sa masa ranakun dawowa su yi magana, aka kuma koya mana wanke ƙafar kullum da sabulu, a tsane tsakanin yatsu, a ɗaga ta sama. Ranar da na fara wanke masa na gane cewa duk tsawon ciwon nan ban taɓa duban ƙafar sosai ba, kullum sai in kau da kai, wai ni mai kara.

Bai warke dare ɗaya ba. An ɗau watanni ana gaba ana baya kafin ya koma ɗinki da keken lantarki. Ƙafar tana nan, sai dai zazzaɓin ya ragu ƙwarai. Abin da na koya shi ne, gaisuwarmu tana da daɗi amma tana iya binne mutum da ransa, kuma ba kowane shiru ne haƙuri ba. Shi ya sa muka yi alkawari ni da shi: duk ranar da duhun ya dawo masa, ba zai ce mini da sauƙi ba.

Yana kuwa dawowa, wani lokaci sau biyu a shekara. Sai wayata ta yi ƙara, in ɗauka in ji ya ce, "Mutumina, yau babu sauƙi." Har gobe idan na ji haka, nan take nake neman kwaɗon shago. Ko da mai saye a tsaye, ko na fara yanka, haƙuri nake ba shi in ja ƙofar shago in tafi.